Ranar da Tasalla Ta Cuɗa Bayan Gwaggo Tsatsa

Ga ta nan tana yawo tsakanin taurari, ku matso kusa in sauko muku da ita.

A cikin jirgin nan da ake kira Birnin Shawagi aka haifi Tasalla. Jirgi ne, amma kada ku kawo kwale-kwale a ranku. Unguwanni ne a cikinsa, da masallatai, da gonakin gero a kan manyan farantan ƙarfe, da wani rafi da aka gina wa hanya yana ratsa gari. Rana ma tasu ce ta kansu, wata ƙatuwar fitila da ake kunnawa da asuba a rage ta da magariba. Tun zamanin kakannin kakanni aka baro ƙasa, aka nufi wata duniya can bayan taurarin Kaza da 'Ya'yanta, kuma kowa ya san ba shi zai ga saukar ba, sai dai jikokin jikokinsa.

Tasalla 'yar shekara goma sha biyar ce, marainiya, a hannun kakarta Iya Marka ta tashi. Ita kuwa Iya Marka abu ɗaya ta ɗauka da zafi a duniya, shi ne kara. Tun yarinyar tana rarrafe take karanta mata cewa 'yar mutunci ba ta karɓar abu a tayin farko. In an miƙo miki, ki ce a'a. In an sake, ki ce a bar shi. Sai an yi na uku, an haɗa ki da Allah, sannan ki sa hannu biyu ki karɓa, kanki a ƙasa. Karatu ya zauna daram, har ya so ya yi yawa. An taɓa yin suna a gidan maƙwabta, uwar gida tana sauri ta yi mata tayin tuwo sau biyu ta wuce, Tasalla ta wuni tana wanke kwanonin da wasu suka ci, ta dawo gida cikinta na kiran ciroma. Iya Marka ta ji labari ta ce yawwa, haka ake so.

Tsohuwar tana fama da fuka. Iskar jirgi kuwa akwai garin ƙarfe a cikinta, wanda ƙirjin matasa bai san da shi ba, amma na tsofaffi ya sani. Abin da ke riƙe da numfashinta wata 'yar rariya ce ta azurfa, ba ta wuce tafin hannu ba, ana maƙala ta a takunkumin da take ɗaurawa a hanci. Tun daga ƙasa aka zo da ita, kuma injin da ke saƙa irinta ya mutu tun kafin a haifi uwar Tasalla. Babu wata a duk faɗin jirgin sai wadda ke kan hancin wani.

Ran nan da hantsi Tasalla ta kai rariyar bakin rafi za ta wanke. Ta sa sabulu ke nan sai ga wata dattijuwa maƙwabciyarsu ta zo wucewa. Tasalla ta ajiye rariya a kan dakali, ta durƙusa. Ina kwana, ina gajiya, yaya ƙafa, yaya yara, yaya wajen su wance. Suna tsakiyar yaya ƙafa ta ga rariya ta fara zamewa a kan kumfa. Ta wutsiyar ido take kallon ta tana tafiya sannu-sannu, amma ina, ai ba a katse gaisuwar babba. Kafin a kai ga a gai da Iya, ruwa ya yi awon gaba da rariya, ta shige magudanar da ke gangarawa ƙarƙashin jirgi.

Kafin azahar ƙirjin Iya Marka ya fara kuka kamar tsohuwar ƙofa. Likitan unguwa ya zo ya duba, ya ce in ba a samo rariyar ba kafin a rage rana, sai dai a kai ta ɗakin ƙanƙara. Nan ne ake kwantar da wanda ciwonsa ya gagara, a daskarar da shi yana barci, ba a tashinsa sai ranar da jirgi ya sauka. Wanda ya shiga bai mutu ba, amma duk wanda ya sani zai mutu ya bar shi a ciki. Kawu Nomau, autan Iya, ya durƙusa ya tambaye ta abin da take so.

"Ku kai ni," in ji Iya Marka. "Kada in zame muku wahala."

Kawu Nomau ya share hawaye ya ce to. Tasalla dai ta ga yadda hannun tsohuwar ya damƙe bakin tabarma har jijiyoyi suka fito. Ta so ta yi magana, amma manya na wurin, sai ta haɗiye. Ta sulale ta koma bakin rafi, ta ɗaure zani tamau, ta yi bisimilla, ta faɗa magudanar.

Ruwa ya yi ta wulwula ta cikin bututu, ya juya ta hagu ya juya ta dama, ya tofar da ita a wata ƙasa mai shuɗin haske. Ashe lokacin da mutane suka yi lodin kayansu za su baro duniya, aljannu ma sun ɗaure nasu ƙunshin sun biyo su. Da suka duba babu kuka, babu tsamiya, babu suri, sai suka tare a cikin tsofaffin injunan da aka zubar a ƙasan jirgi, kowa ya kama ɗaki.

Abin da ta fara cin karo da shi ƙafa ce. Ƙafa guda ta ƙarfe, ta fi soro tsawo, ba gangar jiki, ba 'yar'uwarta, tana tsalle a bakin wani fili da ke shimfiɗe da jajayen ƙarafa masu hayaƙi. Dariya ta taso wa Tasalla, ta danne ta, ta durƙusa ta yi gaisuwa.

"Aminci ya tabbata gare ki, ya ke 'yar Adam mai ladabi," in ji wata murya daga gwiwar ƙafar. "Ni ne Sarkin Tsalle, wanda ya gaji wannan ƙafa tun ranar da mai ita ya tarwatse. Me ya sauko da mai jini ƙasar da ba a gayyace shi ba?"

Ta ba shi labari. Ya ce duk abin da ruwa ya sato daga sama, a wurin Gwaggo Tsatsa yake ƙarewa, can ƙarshen ƙasa, bayan kasuwa da Ƙofar Iska.

"Tafiyar da nisa, kuma filin nan yana cin tafin ƙafa. Hau kan babban yatsana in tsallakar da ke."

"A'a, ranka ya daɗe, kada in ɗora maka nauyi," in ji Tasalla, tana gyara zani don ta hau da zarar ya sake tayi.

"Madalla da mai sauƙaƙa wa bayin Allah," in ji Sarkin Tsalle. Ya yi tsalle ɗaya ya ɓace.

Tasalla ta tsaya baki buɗe. Ta jira ko zai dawo ya ce haba, hau mana. Shiru kake ji. Haka ta taka filin nan da ƙafarta tana ɗage-ɗage, silifas ɗinta na dama ya narke ya zauna can, na hagu ya bi ɗan'uwansa. A tsakiyar filin kuma akwai wani tudun maganaɗisu, yana jin ƙamshin 'yan kunnenta ya fara jan ta ta kunne, irin jan da ake yi wa yaron da ya gudu daga wanka. Sai da ta ɓalle su ta sakar masa sannan ta sami kanta.

Daga nan hanya ta yi sama, jikinta ya riƙa yin sauƙi, har ta ɗaga ƙafa ta ga ba ta dawo ƙasa ba. Ta iso cibiyar jirgi ke nan, inda nauyi ba ya aiki, nan kuwa aljannu suka kafa kasuwarsu. Tsofaffin firji da kekunan ɗinki da injunan markaɗe suna shawagi suna ciniki, hajar kowa na yawo a kansa an ɗaure da zare. Wani na sayar da inuwar itacen da aka baro a duniya, wani na sayar da tsawa a kwalba. Tasalla ta shigo kai a ƙasa ƙafa a sama, hannu biyu na riƙe da zani, tana juyawa tana cewa sannunku da kasuwa ga duk wanda fuskarta ta faɗa kansa.

Wata aljana da ke zaune cikin tsohon murhun lantarki, da tanda a kanta, tana toya waina. Wainar na tashi daga tanda da kanta tana shawagi, zuma na biye da ita a dunƙule. Rabon Tasalla da abinci tun kokon safe. Cikinta ya yi wani ƙugi har keken ɗinki ya waiwayo.

"Ya ke baƙuwa mai tafiya a kife," in ji mai waina, "na ji kiran cikinki tun daga bakin kasuwa. Ga waɗannan, sadaka ce ba ciniki ba."

"Alhamdu lillahi, Inna, a ƙoshe nake."

"To ashe kunnena ne ya tsufa," in ji mai waina. Ta buɗe murfinta ta haɗiye su.

Wani injin markaɗe mai tausayi ya matso ya yi mata raɗa, raɗar injin markaɗe kuwa duk kasuwa sai da ta ji. Ya ce a ƙasar aljannu magana ɗaya ce, abin da aka miƙa maka ka ƙi, ya haramta a sake miƙa maka shi har abada. Tasalla ta yi godiya, ta dogara ƙafa a jikin wani firji ta tura kanta gaba, tana bitar abin da za ta ce nan gaba: ina so, na karɓa, na gode. Ta yi ta maimaitawa har ta ga kamar ya zauna mata a baki.

Ƙofar Iska wata fanka ce da ta cika hanya daga sama har ƙasa, fikafikanta na wulwulawa, ko ƙuda ne ya gifta sai ya zama gari. A gefenta ga tarin tarkacen waɗanda suka gwada wucewa da gudu. Iska ta fara jan Tasalla, ta rungume wani bututu, ƙafafunta na lilo wajen fikafikan, tsoro ya kama ta ƙwarai. Da dabara ta ƙare mata sai ta koma ga abin da ta iya. Ta ɗaga murya ta ce, "Sannu da aiki, Baba. Ina gajiya?"

Aljanin da ke cikin fankar ya rage gudu.

"Wace ce wannan? Tun ranar da na tare a nan nake hura wa jirgin nan iska, babu mahalukin da ya taɓa tambayata gajiya."

A al'ada "ba gajiya" ake cewa a wuce wurin, amma shi bai san haka ba. Ya tsaya cak, ya kama ba ta labarin gajiyar tun daga tushe: ciwon kafaɗa, rashin mai, da wata ƙusa da ta kwance masa a ƙugu. Tasalla na cewa ayya, sannu, Allah ya sauwaƙe, tana ratsawa tsakanin fikafikai a hankali. Ta tambayi iyali, ta tambayi maƙwabta, ta tambayi yaya aka ji da sanyi, ba ta saki gaisuwar ba sai da ta ga kanta a ɗaya gefen. A nan kam karatun Iya Marka ya yi rana.

Tana wucewa nauyi ya dawo, ta faɗo tim a bakin wani tafki. A tsakiyarsa Gwaggo Tsatsa take zaune. Ita ce babbar matatar jirgi, duk ruwan da aka yi wanka da wanke-wanke aka zubar ta jikinta yake bi ya koma tas, kuma aljanar da ke cikinta ta girmi kowa a ƙasar. Girmanta ya kai rumbuna da yawa a haɗe. Idanunta fitilu biyu ne, ɗaya ya mutu, bututai kuma sun zubo mata ta ko'ina kamar tsohon kitso. Bayanta kuwa, subhanallahi. Gansakuka, tsatsa, gashin tsefe, cokula, ɗan kamfan wani yaro, haƙoran robar wani tsoho, duk sun daskare sun yi ɓawo. Warin kaɗai ya isa ya kori kura.

Tasalla ta durƙusa ta gaishe ta, ba ta toshe hanci ba.

"Lale da 'yar sama," in ji Gwaggo Tsatsa. "Zamani bayan zamani ina tace ƙazantarku, ban taɓa ganin wanda ya sauko ya ce mini sannu ba. Kafin ki faɗi buƙatarki, ga tawa. Bayana na ƙaiƙayi, hannuna ba ya kaiwa. Za ki cuɗa mini?"

Wannan kam ba tayi ba ne, aiki ne, aiki kuwa Tasalla ba ta taɓa ƙin sa ba. Ta sami wani guntun ƙarfe da soso, ta hau. Ta kankare, ta goge, ta ɓamɓare. Wasu ƙananan kaguwoyin ƙarfe da suka yi gida a wurin suka fito suna cizon ta a yatsu, ta bi su da soso. Faratanta suka karye, tafin hannunta ya yi ja ya fashe. Gwaggo na lumshe idon nan guda tana cewa ƙasa kaɗan, hagu, yawwa, nan ne. Tasalla na kankara tana duba kowane cokali da kowane murfi, rariya dai babu. Sai da bayan ya fito fes yana ɗaukar ido, sannan ta sauko a gajiye.

Gwaggo Tsatsa ta yi miƙa har tafkin ya yi ambaliya. Ta zura wani siririn bututu cikin bakinta, ta zaro wani abu yana walƙiya. Rariyar Iya Marka ce.

"Wannan ɗazu ta iso, na ga kyanta na ɓoye a kumatu. Ya ke yarinya, kin yi mini abin da ba a taɓa yi mini ba. Ga ta, ladan hannunki."

To jama'a, ku da kuke saurare kun san abin da ya kamata ta ce. Ita ma ta sani, tun daga kasuwa take bitarsa. Amma hali zanen dutse. Tsohuwa ce a gabanta, ta miƙo mata abu, ta kuma kira shi lada. Kan Tasalla ya sunkuya da kansa, bakinta ya buɗe da kansa.

"Haba Gwaggo, ki bar shi, ai don Allah na yi."

"Allah ya karɓa," in ji Gwaggo Tsatsa. Ta mayar da rariya baki ta rufe. "Ga matakala can, ki hau lafiya."

Ni kaina da nake ba ku labarin, duk sanda na zo nan sai haushi ya kama ni. Tasalla ta tsaya kamar an dasa ta. Ta jira. Ta yi gyaran murya. Ta kwance ɗankwali ta sake ɗaurawa. Gwaggo har ta fara gyangyaɗi. Yarinya ta juya ta nufi matakala hawaye na zuba, domin a iya saninta abu biyu ne 'yar mutunci ba ta yi, ba ta karɓa a tayin farko, ba ta kuma roƙo. Ta ɗora ƙafa a matakala ke nan sai hasken da ke saukowa ta wata 'yar taga can sama ya fara yin ja. An fara rage rana. Ta tuna hannun Iya a bakin tabarma.

Ta dawo. Ba ta durƙusa ba, don ta san in ta durƙusa bakin nan zai sake cin amanarta.

"Gwaggo, ƙarya na yi. Ina so. Ita na zo nema, ta kakata ce, in babu ita yau za a sa ta a ƙanƙara. Ki ba ni."

Maganar ta fito mata da ƙyar kamar ana cire ƙaya, kunnuwanta suka ɗauki zafi. Gwaggo Tsatsa ta buɗe ido ta ƙura mata, ta tambaye ta abin da zai sa mai hankali ya ce ba ya son abin da ya ratso wuta da iska dominsa. Tasalla ta yi mata bayani yadda Iya ta koya mata. Ana ƙi ne don a ba mai bayarwa hanya, in tayin na baki ne ya janye bai ji kunya ba, in na zuci ne ya nace.

"In bai nace ba fa?"

"Sai ka kwana da yunwa."

"Ikon Allah," in ji Gwaggo. "Kuma ku ne kuke gaya wa 'ya'yanku cewa mu ne masu abin mamaki."

Ta ce dokar aljannu ba ta tanƙwaruwa, kyautar da aka ƙi ta mutu, amma musaya ba ta haramta ba. Sai dai me Tasalla take da shi? Ba takalmi, ba 'yan kunne, zani duk tsatsa. Gwaggo ta haska ta da fitilar idonta sama da ƙasa, ta ce ta hango wani abu nannaɗe a jikinta, ninki a kan ninki, tun daga wuya har idon sawu, irin wanda ba ta taɓa gani a kasuwarsu ba. Kunya ce. Ita take so.

Tasalla ta san wannan ne kaɗai abin da Iya ta tara mata. Amma ta dubi tagar nan, ta ce a ɗauka.

Gwaggo ta sa bututu ta kamo bakin abin daga ƙeyar yarinyar, ta riƙa warwarewa kamar mai warware rawani, tana zuƙewa. Tasalla ta ji wuyanta ya miƙe, kafaɗunta sun saki. Ta ga ashe rufin wurin ma da zane a jikinsa, ita da ba ta taɓa ɗaga kai a gaban babba ba. Gwaggo ta tofo mata rariya a tafin hannu.

Ba a jima ba kaya suka fara aiki. Fitilar idon Gwaggo ta yi ƙasa. Bututai suka taso suka rufe mata fuska.

"Wayyo ni, ashe tun ɗazu bayana a buɗe yake a gaban baƙuwa," in ji ta da wata 'yar siririyar murya. "Kuma yarinya ta yi mini aiki, na juya na karɓi abinta? Ina zan sa kaina? 'Yar nan, karɓi kayanki, na yafe."

"To, kawo," in ji Tasalla.

"Ba za ki ce in bar shi ba?"

"Ai ke kika shanye mai cewa hakan."

Gwaggo ta yi ta kakari, amma rabi kaɗai ya fito, sauran ya riga ya bi jiki. Tasalla ta yafa rabin, ta ji ya yi mata daidai, ba ya shaƙe ta. An ce tun daga ranar Gwaggo Tsatsa ba ta ƙara yarda a ga bayanta ba, sai da aljannu suka haɗa buhuna suka ɗinka mata mayafi.

Matakalar doguwa ce, hasken tagar kuma sai ƙara ja yake yi. Tasalla na cikin hawa tana haki sai ga Sarkin Tsalle ya diro a wani sarari. Bai gama aminci ya tabbata ba ta ce masa ya ɗauke ta ya kai ta sama. Ya auna maganar a gwiwarsa, ya ce tsallake fili ta ƙi, hawa sama ba ta ƙi ba, doka ba ta hana ba. Ta ɗare kan yatsa. Da suka ratsa kasuwa ta ce wa mai waina waɗancan ta ƙi, ba ta ƙi waɗannan ba, ta cafke biyu a iska, ta ci ɗaya ta ƙulle ɗaya a bakin zani.

Ya dire ta a wata ƙofar shara da ke bayan masallacin unguwarsu. Ta ruga gida, ba kowa. Ta iske su a ƙofar ɗakin ƙanƙara. Iya Marka na kwance a gado mai taya an lulluɓe ta, ga likita, ga Kawu Nomau, ga liman da dattawan unguwa suna addu'a, sanyi na fitowa ta ƙofar fari fat. Tasalla ta ratsa tsakiyar manya ba takalmi, ta ce su tsaya, ta ɗaga rariya. Dattawa suka kalli juna.

Likita ya karɓa ya duba ya ce ita ce, ya mayar mata. Amma ya ce an riga an shirya wuri, kuma a ƙa'ida sai mai jikin ta faɗa da bakinta cewa ta fasa. Ya sunkuya ya tambayi Iya. Tsohuwar ta dubi hannayen jikarta, farata a karye, tafi a fashe, ta dubi ƙafafun nan duk ƙuna. Ta kawar da kai.

"Ku bar shi," in ji ta, numfashi na sarƙewa. "Yau rariya, gobe wani abu. Ku shiga da ni, yarinyar nan ta huta."

Likita ya ce to, ai ta faɗa. Kawu Nomau ya kama gadon yana kuka zai tura. Ashe ba a ƙarƙashin jirgi kaɗai ake samun masu jin magana sau ɗaya ba.

Tasalla ta riƙe ƙafar gadon.

"Kawu, tayin farko ke nan fa. Ɗazu ma a gida sau ɗaya ka tambaye ta." Ta juya wajen tsohuwar. "Iya, ki zauna."

"Na ce ki bar shi."

"Wannan na biyu. Iya, na haɗa ki da Allah ki zauna. In kin shiga ɗakin nan, wa zan gaisar da safe? Ni ba ni da kowa sai ke, kuma ba na son hutun."

Iya Marka ta dubi jikarta. Can sai ta fito da hannu biyu daga cikin lulluɓi, kanta a ƙasa, ta karɓi rariyar.

Likita ya maƙala ta a takunkumi. Numfashin farko ya shiga da ƙara, na biyu ya shiga lafiya. Da tsohuwa ta sami bakin magana, abin da ta fara cewa shi ne tun azahar take kwance tana jiran wani ya ce mata haba Iya, aka rasa ko mutum ɗaya. Ta haifi ɗa, ta rene shi har ya yi gemu, amma bai san tayi uku ake yi ba. Kawu Nomau ya rasa inda zai sa kansa. Sannan ta juyo kan Tasalla ta tambaye ta ina takalmanta, kuma wa ya koya mata tsayawa ƙiƙam a gaban liman.

Tasalla ta durƙusa ta gai da liman da dattawa ɗaya bayan ɗaya, rabin nan da ya rage mata ya isa wannan. Aka juya gado aka nufi gida, ana ƙarasa rage rana. A hanya ta kwance bakin zani ta fito da wainar aljannu ta miƙa wa kakarta. Iya Marka ta ce alhamdu lillahi, a ƙoshe take. Tasalla ba ta janye hannu ba.

Ƙurunƙus kan ɓeran jirgi, wanda ya ci waya ya ce gero ne.